Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsofaffin Kalmomin Turanci da Waɗanda Ba a Cika Ji Ba

Ɗalibi mai karatun adabi, da akawun lauya, da mai fassara, da wanda ya gaji tsohuwar takardar fili, duk sukan ci karo da Turancin da ba shi aka koya musu a makaranta ba. Ga tambayoyin da suka fi yawan yi.

In an ce tsohon Turanci, wanne ake nufi?

Masana sun kasa shi zamani uku. Na farko ya faro ne daga wajen shekarar 450 zuwa 1100, kuma ko Baturen Ingila ba ya iya karanta shi sai ya zauna ya koya, har haruffansa ma akwai waɗanda yanzu babu su. Na biyu, daga 1100 zuwa 1500, ya biyo bayan cin Ingila da yaƙi da William na Normandy ya yi a 1066, abin da ya sa Faransanci ya zama harshen fada da kotu, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Turanci. Chaucer, wanda ya rasu a 1400, da wannan ya yi rubutu. Na uku, daga 1500 zuwa 1700, shi ne na Shakespeare da na Baibul ɗin Sarki James na 1611.

Kusan duk abin da zai faɗo hannun mai karatu a nan na zamani na uku ne, ko kuma Turancin ofis da na shari'a na ƙarni na 18 da na 19. Sanin haka yana rage wahala, don kowane zamani da ƙamus ɗinsa.

Mene ne bambancin *thou*, *thee*, *thy*, *thine* da *ye*?

Nan Bahaushe ya fi Baturen yau sauƙin ganewa, domin Hausa ta raba kai da ku, Turancin yanzu kuwa ya haɗe su duka a *you*. A da ba haka yake ba. *Thou* shi ne kai ko ke in mutum ɗaya ne mai aikatawa. *Thee* shi ne ka ko ki in a kansa aikin ya faɗa, kamar a "na gan ka". *Thy* da *thine* na mallaka ne: *thy house* gidanka, *it is thine* naka ne. In kalmar da ke biye ta fara da wasali, *thine* ake sawa, a ce *thine eyes*, haka ma *mine own*. *Ye* ku ne masu aikatawa, *you* kuma ku ne da aikin ya faɗa wa.

Daga baya sai aka shiga kiran babba da jam'i don girmamawa, kamar yadda yaro mai tarbiyya zai ce "Baba, kun tashi lafiya?" *You* ya zama na manya da baƙi, *thou* ya koma na yara da barori da aminai, ko na wanda ake so a ci wa fuska. Da tafiya ta yi tafiya kowa ya gwammace ya girmama kowa, *thou* ya fita daga bakin mutanen birni a ƙarni na 17, ya saura a addu'a da waƙa da wasu ƙauyukan arewacin Ingila.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar *thou* a matsayin kalmar girma, saboda ana jin ta a addu'a. A wasan kwaikwayon wancan zamani, in mutum yana ce wa abokin maganarsa *you* sai kwatsam ya koma *thou*, to ko dai ransa ya ɓaci ko zuciyarsa ta karkata. Ɗalibin da ya lura da wannan ya sami abin rubutawa a jarrabawa.

Fassarar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930 da ta Yusuf Ali da ta fara fita a 1934 sun yi aiki da waɗannan kalmomi, kuma suna da amfani guda da ba a cika kula da shi ba: suna nuna inda ake magana da Annabi (SAW) shi kaɗai da inda ake magana da jama'a, kamar yadda Larabcin ya bambanta.

Wannan *-eth* da *-est* da ke ƙarshen aikatau fa?

*-est* na *thou* ne kawai: *thou goest*, *thou knowest*. *-eth* na shi ko ita ne: *he goeth*, daidai da *he goes*. Cire ɗafa-ƙeyar, za ka ga aikatau ɗin da ka sani. Waɗanda suka gajarce sai an haddace su: *hath* shi ne *has*, *doth* shi ne *does*, *saith* shi ne *says*. Na *thou* kuma akwai *art*, *hast*, *dost*, *wilt*, *shalt*. Duk inda ka ga an rubuta *I goeth*, wani ne ke kwaikwayon tsohon Turanci bai san ƙa'idarsa ba.

Akwai dabarar gane *hither*, *thence*, *herein*, *thereof* ba tare da haddar kowace ba?

Akwai. Rukunin farko kalmomi tara ne, uku-uku. *Here*, *there*, *where* su ne nan, can, ina. Masu ƙarewa da *-ither* suna nufin zuwa: *hither* zuwa nan, *thither* zuwa can, *whither* zuwa ina. Masu ƙarewa da *-ence* suna nufin daga: *hence* daga nan, *thence* daga can, *whence* daga ina.

Rukuni na biyu na lauyoyi ne. Raba kalmar biyu, ka juya ta, ka mai da *here* ya zama *this*, *there* ya zama *that*, *where* ya zama *which*. *Herein* ya koma *in this*, wato cikin wannan takarda. *Thereof* ya koma *of that*. *Whereby* ya koma *by which*. *Hereinafter* na nufin daga nan zuwa gaba cikin takardar, *heretofore* kuma kafin yanzu. Ɗaya ce ke yawan kayar da ɗalibai: *wherefore* ba ta da alaƙa da wuri. Ma'anarta "don me", ita ce tambayar da *therefore* ke amsawa.

Waɗanne kalmomi ne suka fi ruɗar mai karatu?

Ba baƙin ba ne. Baƙuwar kalma tana tsayar da kai, ka ɗauko ƙamus. Wadda ka sani tun firamare amma ma'anarta ta sauya ita ce za ka wuce kana ganin ka fahimta. Kamar tsohon maƙwabci ne da ya tashi, gidan na nan amma wani ne a ciki.

*Let* a yau bari ne, amma akwai wata tsohuwar *let* mai nufin hanawa. Asalinsu aikatau biyu ne daban da lafazinsu ya haɗu. Ita ce ke cikin *without let or hindrance* da ake bugawa a shafin farko na fasfo, wato ba tare da tsaiko ko tsangwama ba. *Prevent* a rubutun 1600 riga wani zuwa ne, ba hana shi ba. *Suffer* takan zo da ma'anar ƙyale. *Want* rashi ne kafin ta zama so, shi ya sa har yau alƙali ke korar ƙara *for want of jurisdiction*, wato don rashin hurumi. *Conversation* halin mutum ne da yadda yake zama da jama'a. *Quick* mai rai ne, *the quick and the dead* rayayyu da matattu. *Meat* kowane irin abinci ne, *deer* kowace dabbar daji, *starve* mutuwa ko ta wace hanya. *Girl* a zamanin Chaucer yaro ne, mace ko namiji.

Wasu ma juyewa suka yi gaba ɗaya. *Nice* ta fito daga kalmar Latin mai nufin jahili, ta fara da ma'anar wawa, ta bi ta mai tsantseni da mai kaifin bambancewa kafin ta iso inda take yau. *Silly* da can mai albarka ne. *Awful* abin da ke cika zuciya da kwarjini ne, har Ubangiji ana siffantawa da ita.

Kalmomin lokaci suna da wata ɗabi'a mai ban dariya. *Presently*, *anon* da *by and by* duk a da suna nufin yanzu-yanzu, sai jinkirin ɗan Adam ya ja su suka koma "an jima". A rubutun 1611, *by and by* nan take ne.

Sai *corn*. A Ingila hatsin da aka fi nomawa a wurin ake nufi, galibi alkama. A Amurka ne ta zama masara. Wanda ya fassara *corn* ta tsohon rubutun Ingila da masara ya shuka abin da babu shi a gonar. Turawan mulki da suka zo nan sun kira dawa *guinea-corn*, gero kuma *bulrush millet*, kuma haka za ka same su a ƙamusun Bargery na 1934.

Me ya sa takardun fili da na haya suke cike da irin waɗannan kalmomi, kuma waɗanne ya kamata a kiyaye?

Najeriya ta gaji dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900, tare da samfurin takardun lauyoyin lokacin. Lauya kuma ba ya son taɓa kalmar da kotu ta riga ta yi wa fassara, don haka ake ta kwafa.

A yarjejeniyar haya, *demised premises* gidan da aka bayar haya ne, ba ruwansa da mutuwa. *Determine* ƙarewa ce: *the tenancy shall determine* na nufin hayar za ta ƙare. *Quiet enjoyment* ba alkawarin rashin hayaniya ba ne, alkawari ne cewa mai gida da masu da'awa ta hannunsa ba za su dami ɗan haya a zamansa ba. *Distress* kama kayan ɗan haya ne saboda bashin kuɗin haya. *Save* takan zo da nufin "ban da", kuma wanda ya karanta ta da ma'anar ajiya ya juya sharaɗin.

A takardar ciniki, *consideration* abin da aka bayar a madadi ne, galibi kuɗin. *Execute* sa hannu ne yadda doka ta tanada. *These presents* wannan takardar ce kanta. *Whereas* a farkon sakin layi gabatar da tarihin cinikin take yi, yarjejeniyar kuma tana farawa ne daga *witnesseth*. *Messuage* gida ne da ɗakunan waje da filinsa, *appurtenances* abubuwan da ke bin gidan kamar hanya da magudana, *moiety* rabi.

A wasiyya da gado, *issue* zuriya ce, 'ya'ya da jikoki har ƙasa, ba 'ya'yan cikinsa kaɗai ba. *Relict* matar mamaci ce. *Infant* a tsohuwar dokar Ingila duk wanda bai kai shekara 21 ba ne. *Devise* na ƙasa da gini ne, *bequeath* na kayan da ake ɗauka.

A takardar rantsuwa, *deponent* mai rantsuwar ne, *jurat* kuma layukan ƙarshe da ke faɗin inda aka rantse da ranar da gaban wa. In mai dangwalawa ba ya karatun Turanci, dole a rubuta cewa an karanta masa an fassara masa da harshen da yake ji, da sunan tafintan. Rashin wannan yakan zama abin jayayya a kotu. Ƙamus na yau da kullum ba ya wadatarwa a nan. A duba ƙamusun shari'a irin na Black, in kuma dukiya ce a tsakani a kai wa lauya kafin a sa hannu.

Don me suke jero kalmomi biyu ko uku masu ma'ana ɗaya?

Shari'ar Ingila ta daɗe tana tafiya da harsuna uku. A 1362 aka yi doka a riƙa muhawara a kotu da Turanci, amma rubutu ya ci gaba da Latin da Faransanci, sai a 1733 Turanci ya wajaba a takardun kotu. Marubuta suka saba haɗa kalmar gida da ta aro: *will and testament*, *goods and chattels*, *breaking and entering*. Mai fassara yakan iya mayar da su kalma ɗaya, amma ya fara tabbatarwa, don wasu kamar *devise and bequeath* ba abu ɗaya suke nufi ba.

Yaya ake lissafin tsofaffin ma'aunai da kuɗi?

Na ƙidaya: *score* 20, *gross* 144 wato dozin 12, *fortnight* kwana 14, *sennight* kwana 7.

Na awon ƙasa: *chain*, wato sarƙa, ƙafa 66 ce, mita 20.1, kuma an kasa ta *link* 100. *Rod*, *pole* da *perch* abu ɗaya ne, ƙafa 16 da rabi. *Furlong* sarƙa 10 ce, mita 201, takwas ɗinta mil guda. Eka sarƙa 10 ce murabba'i, wato ƙafa 43,560 murabba'i ko mita 4,047, *rood* kuma rubu'inta. Filin da aka rubuta sarƙa 5 a tsawo, 4 a faɗi, eka 2 ke nan. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana shiga eka sau takwas da ɗoriya kafin a cire hanya. Abin lura, akwai wata sarƙar ta injiniyoyi mai ƙafa 100. In taswirar ba ta faɗi wadda aka auna da ita ba, kada a yi lissafin kuɗi sai safiyo ya duba.

Na nauyi: *stone* laba 14, kilo 6.35. *Hundredweight*, da ake gajarcewa *cwt*, sunanta ɗari amma a Birtaniya laba 112 ce, kilo 50.8, a Amurka ne take laba 100. Ashirin ɗin ta Birtaniya tan guda, laba 2,240, kilo 1,016, kuma da wannan tan ɗin aka rubuta alƙaluman gyaɗa da auduga na zamanin Turawa. Galan ɗin Birtaniya lita 4.55 ne, na Amurka 3.79.

Na kuɗi: fam sule 20 ne, sule kwabo 12, fam guda kwabo 240. Alamar *d* ta kwabo ce, daga sunan wani kuɗin Rumawa. *Florin* sule biyu, *crown* sule biyar, *half-crown* sule biyu da sisi, *farthing* rubu'in kwabo. *Guinea* sule 21 ce, an fara buga ta a 1663 da zinaren gaɓar Afirka ta Yamma. In ka ga 7/6, sule bakwai da sisi ne. Da aka koma naira ranar 1 ga Janairu, 1973, fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma na sabon kuɗi, don haka £3 7s 6d ta zama ₦6.75. Masu ɗaukar sule a matsayin kashi ɗaya cikin goma na fam su ne lissafinsu ke ninkawa.

*Billion* ma ta sauya. A tsohon rubutun Birtaniya miliyan sau miliyan ce, sai a 1974 gwamnatinsu ta koma kan miliyan dubu.

A wasiƙun zamanin En'e ina ganin *inst.*, *ult.* da *prox.*

*Inst.* wannan wata, *ult.* watan jiya, *prox.* watan gobe, duk a kan ranar da aka rubuta wasiƙar. Wasiƙar 3 ga Maris da ta ambaci *12th ult.* tana nufin 12 ga Fabrairu. In ta Janairu ce, *ult.* ta koma Disambar bara, kuma a nan masu bincike a tsofaffin fayilolin gwamnati da ke Kaduna suke yawan zamewa da shekara guda. *Viz.* "wato" ce, *do.* maimaita abin da ke layin sama, *&c.* "da sauransu".

Da yawan jami'an sun biyo ta Indiya, Lugard kansa can aka haife shi, sun zo da kalmomi irin su *chit*, *bungalow* da *durbar*, wadda ta zama hawan daba. Ƙamusun irin waɗannan shi ne Hobson-Jobson na 1886.

Me ya sa tsofaffin littattafai ke sa *f* a wurin *s*, da *ye* a wurin *the*?

Ba *f* ba ce, doguwar *s* ce, ſ, wadda ba ta da cikakkiyar sandar tsakiya. A farko da tsakiyar kalma ake sa ta, ba a ƙarshe ba, kuma maɗaba'u sun bar ta wajen 1800. Manhajar da ke mai da hoton shafi rubutu takan karanta ta *f*, sai ka ga kalmar da babu ita a kowane ƙamus. Mai da *f* ɗin *s* ka sake dubawa. *Ye* ta gaban suna kuwa *the* ce: tsohon harafin þ ne masu ɗab'i suka maye da *y*. Haka *u* da *v* harafi ɗaya ne a da, *i* da *j* ma haka, don haka *vpon* ita ce *upon*, *loue* ita ce *love*.

Yaya ake binciken kalma har a tabbatar?

Fara da shekarar rubutun da ƙasar da aka yi shi da irinsa: shari'a ne, addini, ko waƙa. Sannan daidaita rubutun kalmar, ka cire ɗafa-ƙeya. Sannan nemi ƙamus na kusa da zamanin: na Johnson na 1755, na Webster na 1828 don rubutun Amurka, na Jami'ar Michigan don Turancin zamani na biyu, duk suna intanet kyauta. Babban ƙamusun Oxford, wanda aka kammala a 1928, shi ne ke ba kowace ma'ana da shekarunta, sai dai na kuɗi ne, ta ɗakin karatun jami'a aka fi samunsa.

Kula da tsarin jeri. Ƙamusun ɗalibai yana fara kawo ma'anar da aka fi amfani da ita yau, na tarihi kuwa mafi tsufa yake farawa da ita. Ɗaukar ta farko ido rufe kuskure ne a duka biyun. Kula kuma da lakabi: *archaic* ta tsufa amma ana gane ta, *obsolete* ta mutu, *dated* ta zamanin iyaye ce, *historical* kuma abin ne ya shuɗe, sunan na nan. A ƙamusun Merriam-Webster, *obsolete* na nufin ba a ga an yi aiki da ita ba tun 1755. Daga ƙarshe mayar da ma'anar cikin jimlar, ka nemi wani wurin da marubucin ya sake amfani da kalmar. In ta zauna a duka biyun, ita ce.

Jerin kalmomin ban mamaki da ake yaɗawa a Facebook gaskiya ne?

Wasu. Wata kalma mai haruffa 45 da ake cewa sunan ciwon huhu ce an ƙirƙire ta ne a 1935 don ta zama mafi tsawo, likitoci *silicosis* suke cewa. Ƙamus ma yakan yi tuntuɓe: na Webster na 1934 ya shigar da *dord*, alhali wata 'yar takarda ce mai ɗauke da "D or d" aka karanta a haɗe, ba a gano ba sai 1939. Labaran da ke cewa *news*, *golf*, *tip* ko *posh* haruffan farko ne na wata jimla ba su da tushe. Irin wannan ƙirƙira ba ta yaɗu ba sai ƙarni na 20, uku na farkon kuwa sun girme ta da ɗaruruwan shekaru.

Ya dace in sa tsofaffin kalmomin nan a jarrabawa ko takardar neman aiki?

A'a, sai waɗanda suka daskare cikin salon magana kowa na faɗinsu a haka: *to and fro*, *kith and kin*, *hue and cry*, *eke out*, *bated breath*. Su ma ba a taɓa su. Ba a raba *kith* da *kin*, ba a juya jerinsu, kuma *bated* ake rubutawa, ba *baited* ba, don daga *abate* ta fito, wato numfashin da aka rage. *Herein*, *aforesaid* da *humbly beg* a takardar neman aiki dogon Turanci ne kawai, mai dubawa ba ya ƙara maki a kansu. Rubuta *in this letter* inda za ka sa *herein*, ka maimaita sunan abin inda za ka sa *aforesaid*.